Kada Mu Jira Sai Jinjiri Ya Yi Kuka

Akwai wata magana da ake yi a kusan kowane gidan da aka yi haihuwa. Jinjiri na kwance ya fara motsi, maijego ta yunƙura za ta ɗauke shi, sai wani babba a ɗakin ya ce: "Bar shi ya huta mana. In yunwa yake ji, ai zai yi kuka." Mun tashi mun tarar da wannan magana, har ta zama kamar ba ta da abin ja. Ni dai ina ja da ita. Kuka shi ne kira na ƙarshe da jinjiri yake yi. Kafin ya kai ga kuka, ya riga ya roƙi nono sau da yawa da bakinsa, da harshensa, da hannuwansa, ba wanda ya amsa masa.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Jinjiri ma yana da jawabinsa, sai dai shi tun yana shiru yake farawa. Mai lambun albasa a Galmi ba ya jira sai ganye ya kwanta ƙasa kafin ya ba da ruwa. Da ya ga kan ganyen ya soma yaushi, ya san abin da shukarsa ke so. Irin wannan ido ne ya kamata mu sa wa ɗan da aka haifa jiya ko shekaranjiya.

Yadda yake roƙo

Ku zauna kusa da jinjiri mai barci, ku dube shi da kyau. In yunwa ta fara taɓa shi, za ku ga ƙwayar idonsa tana motsi a ƙarƙashin fatar ido tun bai farka ba. Sai ya soma mutsu-mutsu. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya fito da harshe yana lasar leɓe. Wani lokaci har ana jin ƙarar tsotson da yake yi, alhali ba komai a bakinsa. Daga nan sai ya riƙa juya kai dama da hagu, baki a buɗe, kamar ɗan tsuntsu a sheƙa yana jiran uwarsa. In an taɓa kumatunsa da yatsa, sai ya juyo ta wannan gefen yana neman kamawa. Ya kai hannu baki, ya tsotsi yatsunsa ko bayan hannunsa. Duk wannan magana ɗaya ce yake faɗa: a ba ni nono.

A wannan lokaci ne ya fi dacewa a sa shi a nono. Hankalinsa a kwance yake, yana da ƙarfinsa, zai buɗe baki sosai ya kama da kyau.

In ba a amsa ba, sai ya ƙara ƙarfin roƙo. Ya yi miƙa, ya yi shure-shure, ya ɓata fuska, ya riƙa ƴan gunaguni. Duk wanda ya ɗauke shi a lokacin, sai ya riƙa goga masa fuska a ƙirji yana lalube, ko da kakarsa ce, ko ma ubansa. Mutanen ɗaki su yi dariya, su ce yaron nan akwai wayo. Ana cikin dariyar sai ya fashe da kuka, fuska ta yi ja, ya dunƙule hannu, ya banƙare.

Wani zai ce: to mene ne a ciki? Ya yi kuka, an ba shi, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kafin jinjiri ya sha da kyau, dole harshensa ya kwanta, ya miƙo bisa dasashin ƙasa, ya tallabi nono. Mai kuka kuwa harshensa sama yake tashi, wajen ganɗa. Saboda haka sai a kai masa nono ya kasa kamawa, ya kama ya saki, ya ƙara fusata. In ma ya kama, kan nonon kawai yake cafka. Uwa ta ji zafi, kwana biyu kan nono ya tsattsage, ta fara jin tsoron shayarwa. Shi kuma ya haɗiyi iska tare da nonon, ciki ya kumbura, ya yi tumbuɗi. Ga kuma gajiyar kuka: ya tsotsa kaɗan, barci ya kwashe shi bai ƙoshi ba. Ba a jima ba ya sake farkawa yana tsala ihu.

A nan ne ɓarna take somawa. Gida ya ɗauka nonon maijego ba ya isar ɗanta, ko kuma nonon ba shi da kyau. Wannan ta kawo ruwa a cokali, waccan ta kawo madarar akuya, wata ta jiƙa bauri. Cikin jinjiri ya cika da abin da ba nasa ba, ya rage tsotso. Nono kuwa gwargwadon yadda ake jansa, gwargwadon yadda yake kawowa. In tsotso ya ragu, sai nonon ya ragu da gaske, zargin da aka yi da farko bisa kuskure ya tabbata. Bayan haka ga zawo, domin ruwan da aka ba shi, da cokalin da aka ba shi da shi, ba su rasa ƙwayoyin cuta. Sau da yawa asalin wannan doguwar hanya ƴan mintoci ne da aka bar jinjiri yana lasar leɓe ba a kula ba.

In har ya riga ya fashe da kuka, kada a tura masa nono da ƙarfi. A fara da rarrashi. Uwa ta kwance masa zane, ta manna shi a ƙirjinta, fata da fata, ta yi masa magana a hankali. Ta matso ɗigo biyu ko uku na nono ta shafa masa a leɓe. In ya lafa, ya buɗe baki, sai ta sa shi.

"Yanzun nan fa ya sha!"

Wannan ita ce magana ta biyu da ke hana jinjiri abincinsa. Muna auna cikinsa da namu. Babba ya sha fura da hantsi, ta riƙe shi har la'asar. Cikin jinjiri kuwa, a ranar da aka haife shi, bai fi girman ɗan aduwa ba. Abin da yake ɗauka a sha ɗaya kamar cikin ƙaramin cokali ne, ko ya ɗara kaɗan. A kwana na 3 ya kai kamar goro guda. Sai wajen kwana 7 zuwa 10 ne yake kai girman ƙwan kaza. Ga shi nonon uwa ba ya daɗewa a ciki, da sauri yake narkewa. Shi ya sa jinjiri ke bukatar sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, wani ma ya fi haka.

Ba kuma a jere daidai yake nema ba, kamar mai bin agogo. Wani lokaci, musamman da magariba, zai sha, ya saki, bayan rabin awa ya sake nema, har sau uku ko huɗu, sannan ya yi dogon barci. Akwai kwanakin da yake nema fiye da kullum, wajen mako na 2 zuwa na 3, da wajen mako na 6. Jikinsa ne ke saurin girma, yana kiran nono ya ƙaru. In aka bar shi ya sha yadda yake so, cikin kwana biyu ko uku nono zai daidaita da bukatarsa. Da dare ma haka ne. Ya kwana kusa da uwarsa cikin gidan sauro, inda za ta ji motsinsa tun bai tashi mutanen gida ba. Shan dare yana cikin abin da ke riƙe nono kada ya ragu.

A kwana 2 ko 3 na farko, abin da ke fitowa ɗan ruwa ne mai kauri, rawaya-rawaya, wato dakashi. Kaɗan ne, amma daidai yake da ɗan cikin nan da muka faɗa. A wasu garuruwanmu har yanzu ana matse shi a zubar, ana cewa datti ne. Wasu kan gwada shi da tururuwa: a sa ta a ciki, in ta kasa fita a ce nonon ba shi da kyau. Tururuwa ta faɗa cikin abu mai kauri da danƙo ta kasa fita, me ta shaida? Ko cikin zuma ta faɗa, haka za ta yi. Ku tambayi kowane makiyayi. Maraƙi ko ɗan tunkiyar da bai sha dakashin uwarsa ba, da wuya ya yi ƙwari, sau da yawa ma ba ya rayuwa. To don me za mu hana ɗan mutum abin da ba ma hana ɗan dabba? Dakashi yana ɗauke da kariya daga jikin uwa, yana tsare hanjin jinjiri daga cuta, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko.

Roƙon jinjiri na farko cikin awar da aka haife shi yake zuwa. In aka tsane masa jiki, aka kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, aka lulluɓe su tare, za a ga idonsa a buɗe, yana tsotsar hannu, yana lalube, sau da yawa har ya kai kansa ga nono. Bayan awa ɗaya ko biyu sai dogon barci ya ɗauke shi. In aka cinye wannan lokaci wajen wanka da shafe-shafe da nuna shi ga dangi, an yi babbar asara. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Gana a kan jarirai fiye da dubu 10, wanda aka bayyana a 2006, ya nuna cewa da kowane jinjiri zai fara shan nono cikin awa ta farko, da an tsirar da kimanin 22 daga cikin kowane 100 da ke rasuwa a watansu na farko. A nan Nijar, binciken ƙasa kan lafiyar iyali na 2012 ya samu cewa kimanin rabin jarirai ne ake sa wa nono cikin awar farko, kuma 23 kawai cikin 100 na ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Zafin bazara fa? A watan Afrilu da Mayu, lokacin da babba ma ba ya rabuwa da randa, a ce kada a ba jinjiri ruwa? Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, ruwa mai tsabtar da ba rijiya ko famfon da ke ba da irinsa. Jinjiri mai ƙishirwa alamunsa ɗaya da mai yunwa, amsarsa ma ɗaya ce: a ƙara sa shi a nono. Zai sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ƙishirwa ta kwanta. Ruwan randa uwa ce za ta sha, ta sha iya son ranta. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar nono zalla har wata 6: ba ruwa, ba bauri, ba madarar dabba, sai maganin da likita ya rubuta. Zuma kuwa kada a lasa wa yaro kafin ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jinjiri.

Abin da ke hana uwa amsawa

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi wuyar faɗa. Yawancin uwaye sun san waɗannan alamu ko ba wanda ya koya musu. Abin da ke hana su amsawa a kan lokaci, a cikin gida yake.

Akwai kunyar ɗan fari. Yarinya ta yi haihuwar fari, tana ɗakin mahaifiyarta tana wankan jego. Al'ada ta ce kada ta nuna ɗokin ɗanta, kada ta kira sunansa, kada a gan ta tana kallonsa. Ɗaki cike da ƴan barka, ga gwaggo, ga inna, ga dangin miji. Ta gefen ido tana ganin jinjiri yana tsotsar hannu, nononta ma ya cika yana tsiyaya, amma ina bakin cewa a miƙo shi? In ta ɗauke shi da kanta, gobe magana ta zaga gari: ƴar wance ba ta da kunya. Sai ta sunkuyar da kai, ta jira ya yi kukan da zai sa manya su ce: "Ke, karɓi ɗan mutane ki ba shi." Wani lokaci ma sai ta ɗan noƙe, an faɗa sau biyu sau uku, don a san tana da tarbiyya.

Ban raina kunya ba. Kunya ado ce, da ita zaman gidajenmu yake tsaye. Ta ɓoye sunansa in tana so har ya yi gemu, ba abin da zai same shi. Amma jinjirin kwana uku bai san al'ada ba, cikinsa kawai ya sani. Kuma ɗan fari shi ya fi bukatar a amsa masa da wuri, domin uwarsa ba ta taɓa shayarwa ba, ita da shi duk koyo suke yi, ga shi ƴaƴan ƙananan mata sukan zo da ƙarancin nauyi. Maganin abin yana hannun tsofaffi. Tun da maijego ba za ta iya nema ba, kaka ta zama idonta da bakinta. Da ta ga jikanta na lasar leɓe, ta ɗauke shi ta aza wa ƴarta a cinya, ta ce: "Ga maigidan nawa yana kira, ba shi abincinsa." Ba wanda zai zargi yarinyar da ta bi umurnin mahaifiyarta. In ɗaki ya cika, a yi musu labule, ko a roƙi baƙi su ɗan ba da wuri.

Su kansu ƴan barka da nasu laifin. Tsakanin haihuwa da suna, jinjiri yawo yake yi hannu zuwa hannu. Kowa na son ya ɗauka, ya dubi hanci ya ce na wane ne. An naɗe shi cikin zane biyu ko uku, hannuwa a ciki, hula har gira. Ta yaya za a ga yana kai hannu baki? Da ya fara motsi, mai riƙe da shi ta jijjiga shi ya koma barci, tana ganin taimako ta yi. Sha ɗaya ya wuce ke nan. A lulluɓe shi, wannan daidai ne, musamman lokacin ɗari, amma a bar fuskarsa a fili, a bar hannunsa yadda zai iya motsa shi. Wadda ta ga ya fara lalube ta mayar wa uwarsa. Haka ma wankan safe da na yamma: kafin maijego ta shiga, a tabbata ya sha.

Bayan arba'in kuma sai aiki. Ga daka, ga rijiya, ga itace, da damina ga gona. Matar da ke goye da ɗanta tana jin roƙonsa a bayanta, yana goga fuska, yana tsotsar zane. Amma tana tsakiyar daka, tuwon gida na jiranta, sai ta bubbuga shi ta ce bari in ƙarasa. Ta ƙarasa wannan, wani ya taso. Wadda ta bar shi a gida wajen yayarsa ƴar shekara bakwai kuwa, me yarinya za ta yi in ya dame ta, in ba ta ɗura masa ruwa ko fura ba?

A nan maganar ta dawo kanmu, mu maza. Maigidan da ke faɗa don tuwo ya makara, shi ne ya hana a shayar da ɗansa, ko ya sani ko bai sani ba. Kuɗin niƙa a inji, da ruwa daga ƴan garuwa, da ɗaurin itace, duk ba su kai wahalar jinyar zawo ba. In kuwa mahaifiyarka ce ke cewa a bar shi sai ya yi kuka, ka sani matarka ba za ta iya musa mata ba. Kai ne za ka same ta a keɓe, ka durƙusa, ka ce: "Inna, a gidan likita sun ce a riƙa ba shi tun yana lasar baki. Ki taimaka mana da ido, ke kika fi mu sanin yaro." Da wuya tsohuwar da aka girmama haka ta ƙi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce in ana ɗaukar yaro da ya motsa, za a sangarta shi. Sangarta sai mai wayo, jinjirin wata ɗaya kuwa bai san dabara ba. Za su ce kuka na buɗe ƙirji. Kukan da ya yi lokacin da ya faɗo duniya ya riga ya buɗe huhunsa, sauran ƙarfinsa kawai yake ci. Za su ce kuma: haka aka raine mu, ga mu mun girma. Gaskiya ne, mu mun girma. Amma binciken 1992 ya nuna cewa a wancan zamani, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara 5. A binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Dalilan mutuwar suna da yawa, akwai ƙyanda, akwai masassarar sauro, akwai zawo da tamowa, ba zan ɗora duka a kan shayarwa ba. Sai dai duk wanda ya ƙirga ƴan ɗakinsu, ya san akwai waɗanda aka raina tare da shi da ba sa nan, balle su ba da tasu shaidar.

Gaskiya ne kuma ba kowane kuka ne na yunwa ba. Jiƙaƙƙen tsumma na sa kuka, haka zafi, da iska a ciki, da son jikin uwa. Yaron da ya sha ya ƙoshi yanzu ya fara kuka, a duba tsummansa, a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa ya yi gyatsa. In an rasa dalili a gwada nono. In ba ya so, zai kau da kai.

Ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba?

Jinjirin da ya kama nono da kyau, bakinsa a buɗe yake sosai, leɓen ƙasa a juye waje, haɓarsa na taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono ya shiga bakinsa da yawa. Yana ja a hankali, yana hutawa, ana jin haɗiyarsa. A bar shi a nono ɗaya har ya saki da kansa, domin nonon ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki. Sannan a miƙa masa ɗayan. In ya ƙoshi, hannun da ya dunƙule sai ya buɗe, jiki ya saki, ya kau da kai ko barci ya ɗauke shi.

Ba a ganin abin da ya shiga, amma ana ganin abin da ya fito. Daga kwana na 5 ko na 6, jinjiri mai samun isasshen nono yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsari fari marar wari. Mai son ƙirgawa ta riƙa jefa tsakuwa a ƙwarya duk lokacin da ta sauya tsumma, da safe ta ƙidaya. Baƙin kashin farko ya koma kore-kore, wajen kwana 4 ko 5 ya zama rawaya mai laushi. Kusan kowane jinjiri yakan ragu kaɗan a kwanakin farko, wannan ba abin tsoro ba ne in bai wuce kashi 1 cikin 10 na nauyinsa ba. Wajen mako 2 ya kamata ya dawo nauyin da aka haife shi da shi. Daga nan, a watannin farko, ya riƙa ƙara aƙalla rabin kilo kowane wata. Ma'auni ne kaɗai ke faɗin wannan, shi ya sa ake kai yaro awo ana rubutawa a karne.

Jinjirin da ba ya roƙo

Duk abin da na faɗa, a kan mai nema ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya nema. A gida yabonsa ake yi: yaron nan akwai haƙuri, ba ya damun uwarsa, sai barci. A makonnin farko, wannan haƙuri abin dubawa ne. Bakwaini, da wanda aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, da tagwaye, da wanda shawara ta kama, ba su da ƙarfin nuna alamu sosai. Rashin sha yana ƙara musu kasala, kasala tana ƙara hana su sha. In ana jiran kukansu, ana iya jira har a makara.

Jinjirin da bai kai mako 2 ba, in ya yi awa 3 bai sha ba, a tashe shi. A kwance masa zane, a shafa bayansa da tafin ƙafarsa, a manna shi a ƙirji, a ɗiga masa nono a leɓe. Ƙarami sosai kuwa a ɗaura shi a ƙirjin uwarsa tsakanin nonuwa, fata da fata, dare da rana. A nan ya fi samun ɗumi, a nan kuma uwa ke jin ɗan ƙaramin motsin da zai yi.

In an tashe shi ya kasa tsotsa, ko kuwa da yana sha sai ya daina, wannan alamar ciwo ce mai tsanani. Haka in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, ko yana fizge-fizge, ko muƙamuƙinsa ya ƙage, ko cibiya ta yi ja tana fitar da mugunya, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya. A irin wannan hali wasu gidaje wanzami suke kira ya cire belu, suna cewa shi ya tare maƙogwaro. Belu ba ya hana tsotso, kowa da nasa aka haife shi. Yankan yana jawo zubar jini da miki, ya ƙara hana yaron sha, ga shi an ɓata ranar da za a iya ceton ransa. A kai shi gidan likita mafi kusa a wannan rana, ko da dare ne, ko da ba a yi suna ba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauki matakin yafe kuɗin jinya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ko da wani lokaci akan rasa magani sai an sayo a waje, kada tunanin kuɗi ya sa a kwana da shi a gida.

Uwa ta tafi tare da shi, yana manne a ƙirjinta, an sa masa hula, an lulluɓe su. In tafiyar da nisa ce, kuma yana iya haɗiya, ta wanke hannu, ta matsa nono a ƙaramin kofi mai tsabta, ta ɗaga kansa, ta kai bakin kofin ga leɓensa ya riƙa lasa da kansa, kada ta zuba masa. In ba ya haɗiya, kada a ɗura masa komai. A riƙe karnen awo, a kuma faɗa wa likita yaushe rabonsa da sha, da sau nawa ya yi fitsari tun jiya.